Darasi na Tara: Dafin Funfuna da Ƙwayoyin Cikin Ƙasa

Manomin tumatir a Kadawa ko a kowace fadama ya san wannan: shuka tana tsaye lafiya, sai ganyen gefe ɗaya ya yi rawaya, da rana ta take sai shukar ta yi yaushi. Ka tsaga karan da wuƙa, za ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Sau da yawa wata funfuna ce mai suna Fusariyam. Tana zaune cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa, ta toshe hanyar ruwa, tana kuma fitar da dafi da masana ke kira asid ɗin fusarik.

Amma ƙasa ba tata ce ita kaɗai ba. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, wasu da siririyar wutsiya da suke iyo da ita cikin danshin da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa. Suna jin ɗanɗanon abin da ya narke a ruwa, su bi shi ko su guje masa. A 2004 masu bincike a Jami'ar Laiden ta ƙasar Holan sun nuna cewa wata bakteriya mai suna Sudomonas tana bin wannan dafin har ta iso jikin funfunar, ta manne mata, ta rage mata ƙarfi. Wato dafin da ke cutar da tumatir shi ne ke tona asirin maboyarta. Sai dai ba kullum ake nasara ba, domin dafin yakan hana wasu ƙwayoyin haɗa maganin da suke yaƙi da shi.

Ni a ganina, abin da ya fi damun manomi a nan shi ne danshi. Ƙasar da ta bushe ƙayau ba ta da hanyar iyo ga bakteriyar. Wadda ruwa ya kwanta a kanta kuwa saiwa ce ke ruɓewa. Ka yi ban-ruwa daidai, ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

Shukar da ta kamu, tuge ta da saiwarta ka ƙone, kada ka jefa ta cikin taki. Wanke fartanya kafin ka shiga wani fangali. Fusariyam tana yin shekaru a ƙasa, don haka ka sa masara ko gero a wurin, tumatir ya koma wani gefe.

Aikin gida: ka rubuta kalmomin nan sau uku-uku: funfuna, dafi, saiwa, danshi.