Darasi na Tara: Mai Jinya da Motsa Jiki

A yawancin gidajenmu, idan tsoho ko tsohuwa suka kwanta ciwo, musamman irin ciwon shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, ba a ɗauko ma'aikacin jinya daga waje. Mata ce ko 'ya ko matar ɗa take ɗaukar nauyin, ita ce wanka, ita ce ba da abinci da magani, ita ce wankin shimfiɗar da aka ɓata, kuma ita ce farkawa da tsakar dare idan aka yi nishi. Masu zuwa dubiya sukan tambayi mai jiki, su ce mata sannu da ƙoƙari, amma da wuya a sami wanda zai tambaye ta ko bayanta yana ciwo.

Idan aka yi wa mai jinya maganar motsa jiki, amsarta takan zama cewa ai wuni take tana aiki. Gaskiya ta faɗa, sai dai aikin jinya yawancinsa sunkuyo ne da ɗagawa da dogon zama a gefen katifa, waɗanda suke gajiyar da ƙugu da kafaɗa ba tare da sun ƙarfafa zuciya ba. Idan aka haɗa da ƙarancin barci da damuwa, sai a wayi gari mai jinyar ita ma tana fama da hawan jini ko ciwon baya, gidan ya koma marasa lafiya biyu.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma ƙara da abin da zai ƙarfafa tsokarsa a ranaku biyu. Minti 150 shi ne minti 30 a rana har kwana biyar, kuma ba dole ne a yi su a lokaci guda ba. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da ɗan sauri minti 10 bayan sallar asuba, ta sake da hantsi idan mara lafiya ya sami barci, ta cika bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Daka da surfe da shara mai ƙarfi duk suna cikin lissafi. Don ƙarfafa cinya kuma, ta riƙa zama a kan kujera tana miƙewa ba tare da dafa komai ba, kamar sau 10, gwargwadon ƙarfinta.

Wurin ɗaga mara lafiya ne aka fi samun rauni, don haka a kula da shi sosai. Kada ki sunkuya da miƙaƙƙun ƙafafu ki fizgo shi ta hannu, domin hakan yana cutar da bayanki, yana kuma iya gocar da kafaɗar da ta shanye. Ki matso dab da shi, ki buɗa ƙafafunki daidai faɗin kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwa bayanki yana miƙe, sannan ki gaya masa cewa za ku tashi tare don ya taimaka da ɓangaren da yake da ƙarfi. Idan za ki juya, ki ɗaga ƙafa ki juya gaba ɗaya, kada ki murɗa ƙugu. Wanda ba ya iya motsawa yana bukatar a juya shi kamar kowace awa biyu don kada gyambo ya fito masa, kuma hanya mai sauƙi ita ce a shimfiɗa zane mai kauri a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe su juya shi. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi a manyan asibitoci sukan nuna wannan idan an roƙe su.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an riƙa karɓar mai jinya. A ganina, ɗan'uwan da ya zauna da mara lafiya na rabin awa don mai jinya ta taka ƙafa ko ta runtsa ya fi wanda ya kawo ledar lemo ya tafi amfani, kuma ya kamata maigida ko babban ɗa ya raba ranakun tsakanin dangi, maza da mata.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko juna biyu ta fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya, sannan ta soma motsa jikin a hankali. Idan ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ta dakata nan take a kai ta asibiti.

Aikin gida: rubuta lokuta uku a rana da za ki iya yin tafiyar minti 10, tare da sunan wanda zai karɓe ki a kowane lokaci.