Yadda za ki kalli fim ɗin soyayyar Jamusawa ki ƙaru da shi

Idan da finafinan Indiya kika taso kamar ni, ki fara rage tsammani. Fim ɗin soyayyar Jamusawa ba ya kai awa uku, ba a katse labari a fita rawa da waƙa, kuma da wuya ki ga uban da zai rantse sai bayan ransa 'yarsa za ta auri wane. Galibi kafin awa biyu an gama. Abin da ke shiga tsakanin masoyan kan zama kuɗi, ko tsoro, ko tsohon ciwon da ya ƙi warkewa. Ni don koyon Jamusanci na fara kallonsu, daga baya daɗinsu ya riƙe ni.

Ki fara da wanda za ki samu ba wahala. Tashoshin talabijin na Jamus, ARD da ZDF, suna da rumbun finafinai kyauta a intanet, amma da yawa a kulle suke ga wanda ba ya cikin Jamus. Shi ya sa nake cewa a fara da "Isi & Ossi" na darakta Oliver Kienle, wanda Netflix ya saki ranar 14 ga Fabrairu 2020. Isi 'yar attajiri ce daga Heidelberg, burinta ta je New York ta koyi girki, iyayenta kuwa sun riƙe kuɗin. Ossi ɗan dambe ne daga Mannheim, bashi ya yi wa gidan man mahaifiyarsa katutu. Sai suka ƙulla soyayyar ƙarya: ita ta tsorata iyayenta su saki kuɗi, shi kuma ya samu kasonsa. Kin riga kin san inda za a ƙare, ba shi ne abin kallon ba.

Kafin ki kunna, ki buɗe taswira. Da gaske nake. Tsakanin garuruwan nan biyu bai wuce kilomita 20 ba, amma duk Bajamushe ya san ba ɗaya suke ba. Heidelberg garin 'yan boko ne da masu yawon buɗe ido, jami'arsa tun 1386 take, ita ce mafi tsufa a Jamus ta yau. Mannheim garin masana'antu ne da ma'aikata da baƙi, a nan kogin Neckar ke zuba cikin Rhein. Rabin barkwancin fim ɗin a kan wannan bambanci ya tsaya. Wanda bai san haka ba zai ga yarinya da yaro kawai suna cacar baki, ya rasa abin dariyar.

Sai batun murya. Ki shiga wurin zaɓin harshe ki tabbatar Jamusanci kike ji, domin akwai muryar Turanci da aka ɗora, kuma tana kashe fim ɗin murus. Su kansu Jamusawa gwanaye ne wajen ɗora muryarsu a kan finafinan waje, amma nasu gara a ji shi daga bakin masu shi. Kallon farko ki sa rubutun ƙasa na Turanci, ki bi labari, kada ki riƙa tsayarwa. A kallo na biyu ki mayar da rubutun Jamusanci, ki ajiye littafi da biro kusa. Kada ki ce sai kin kwashe komai. Ki ɗauki jimlolin faɗa da na ba da haƙuri, su ne gajeru, su ne kuma ake maimaitawa. Za ki ji ana haɗiye kalmomi, ana maganar titi wadda malami bai koya miki ba a aji. Ashar ma tana nan birjik, ki gane ta amma kada ki ɗauke ta.

Ki kuma kasa kunne ga wanda ake ce wa "du" da wanda ake ce wa "Sie", wato hanyoyi biyu na cewa "kai" ko "ke" a Jamusanci. Na farko na abokai ne da 'yan gida da yara, na biyu na baƙo ne da babba da wurin aiki. Matasa tsakaninsu "du" suke yi kai tsaye, don haka a bakin manya za ki fi kama abin: wa aka girmama, wa aka raina, wa aka ƙi jawowa jiki. Rubutun Turanci ba ya nuna wannan ko kaɗan.

Yanzu gargaɗi, kuma ba na wasa ba. Kada ki kunna irin fim ɗin nan a falo gaban Baba ko ƙannenki kafin ki kalle shi ke kaɗai. A Jamus hukumar FSK ce ke sa wa finafinai alamar shekaru: 0, 6, 12, 16 da 18. Ma'auninsu ba namu ba ne. Sun fi tsananta wa tashin hankali da zubar da jini, suna sassauta wa sumbata da giya da maganar batsa. Fim ɗin "Keinohrhasen" na darakta Til Schweiger, wanda ya fito a 2007, da alamar 6 aka fara nuna shi, sai da iyaye suka yi ƙorafi aka mayar da shi 12. In iyayen Jamus sun koka, ina ga mu?

In kin gama da wannan kina son wanda ya fi taɓa zuciya, ki nemi "SMS für Dich" na 2016. Karoline Herfurth ce ta ba da umarni, ita ce kuma ta fito a Clara, wadda saurayinta ya rasu a hatsarin mota. Bayan shekara biyu ta shiga tura saƙonni zuwa tsohuwar lambarsa, ba ta san an ba wani ɗan jaridar wasanni mai suna Mark lambar ba. Labarin zai yi miki kama da sananne idan kin ga "Love Again" na 2023, wanda Priyanka Chopra ta fito a ciki, domin daga "SMS für Dich" aka sake shi. Ki fara da na Jamus ɗin. Ya fi shiru, Jamusancinsa ya fi na "Isi & Ossi" sauƙin ji, saƙonnin kuma gajerun jimloli ne da mai koyo zai iya kwafa.

Abu ɗaya dai har yau bai kwanta mini ba: Mark yana karanta sirrin baiwar Allah, ya je ya nemo ta, ya kuma yi gum da bakinsa. Fim ɗin ya yafe masa da wuri fiye da yadda ni zan yafe. Idan kuma ba ki daɗe da yin rashi ba, ki ɗaga kallon wannan zuwa wani lokaci, domin farkonsa yana da nauyi.