Renon 'yan itatuwa a tsakar gida a Agege

Shekarata ta farko a Legas, gwanda goma sha biyu na kashe da hannuna, kuma da ruwa na kashe su. Ni mutumin Gumel ne, a can in ka yi shuka safe da yamma kana kanta da bokiti. Da na zo nan sai na ci gaba da halina, a watan Yuni kuwa, lokacin da sama ba ta hutawa. Wata safiya na tarar duk sun kwanta, gindin kowace ya yi baƙi ya tsuke kamar zare. Maigidan da nake haya wurinsa, dattijo Bayarabe, ya leƙo ya ce, "Malam, shinkafa kake nomawa?"

To ɗan'uwa, fara da ƙasar. Ina haɗa kwano biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashin gini, ɗaya na taki. Yashin bakin teku akwai gishiri, ka bar shi. Takin shanu kuma daga kwatar Oko-Oba nake samowa, amma sai ya daɗe ya bushe har warin ya fita, don ɗanye ƙona saiwa yake. Ledar fiya wata ta ishi gwanda da gwaiba. Mangwaro da fiya suna son leda mai zurfi saboda saiwarsu ƙasa take nutsawa. Kowace iri ce, huda ta ƙasa da gefe wuri shida ko fi, ka jera su a kan katako ko bulo, kada su zauna cikin ruwan da ke kwanciya a tsakar gida.

Ƙwallon mangwaro ba ya jira. In ka sha yau, cikin mako guda ya shiga ƙasa, in ya bushe ƙayau ya mutu. Wanke shi, bar shi a inuwa kwana ɗaya, sannan ka yanka gefen ɓawon da almakashi a hankali ka zaro ɗan cikin, mai kama da ƙoda. Kwantar da shi doronsa na sama, ka rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu. Mako biyu zuwa uku zai leƙo. Ganyen farko ja-ja ne, laɓo-laɓo kamar ya yi yaushi. Lafiyarsa ƙalau, kada tausayi ya sa ka ƙara masa ruwa. Wani ƙwallon yakan fito da tsiro uku ko huɗu, sai ka bar mai ƙarfin.

Gwanda ta fi rigima. Kowane ɗan iri yana cikin wata 'yar jaka mai yauƙi da ke hana shi tsiro, don haka murza su cikin tsumma da ɗan toka, ka ɗauraye, ka zubar da waɗanda suka taso saman ruwa. Uku nake sakawa a leda guda, domin ba ka sanin namiji sai ta yi fure: nasa ƙanana ne da yawa, suna reto a kan dogon sili. Namiji ɗaya ya ishi mata goma. Wurin dashe ka tada mata tudu, ka yage ledar ba tare da ƙasar ta warwatse ba. In ta ji daɗi, kafin shekara ta zagayo kana cin 'ya'yanta.

Ban ruwa kuwa, tsoma yatsa cikin ledar. In da danshi, wuce abinka. Daga Afrilu zuwa Yuli sai in yi wata ban ɗauki bokiti ba, har rumfar leda nake yi musu. Ɗan tsagaitawar ruwan Agusta da kuma Disamba zuwa Fabrairu ne nake shayar da su, da sassafe. Da dare ka zaga da tocila, dodon koɗi kan share tsiron gwanda kaf kafin asuba.

Mangwaron ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ya haihu, mai aure kuwa, wato wanda aka haɗa masa reshen wata bishiyar da ta riga ta fara haihuwa, uku ko huɗu. Lemu ma haka, mai aure ya fi. Ni da nake gidan haya, nawa na ƙwallo ina renonsu ne har jikinsu ya kai kaurin fensir, sannan in kai wa mai lambu ya yi musu aure. Biyu daga ciki na sa a motar Kano bara, suna gonar yayana yanzu.