Shawara ga malaman makarantun unguwannin Nima da Mamobi a Accra

Assalamu alaikum, malamai da iyayen yara. Duk makarantar da ke son kyautata muhallinta, to ta fara da ledar fiya wata, domin ita ce sharar da ta fi yawa a harabarmu, kuma ita ce ke toshe kwatoci har ruwa ya rasa hanyar zuwa kogin Odaw. Waɗanda suka ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 a Accra sun san abin da toshewar magudanar ruwa ke jawowa. A ajiye buhu a ƙofar kowane aji, a naɗa ɗalibai biyu su riƙa tara ledojin, a sayar wa masu saye, kuɗin kuma a sayi alli da tsintsiya.

Ruwan alwala ma kada a bar shi ya bi kwata, tunda babu sabulu a cikinsa. A haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin zogale ko dogon yaro, ko da a cikin tsohuwar taya aka shuka, saboda ƙarancin fili a unguwanninmu na Zango. Malamin lissafi ya sa yara su auna tsawon shukar duk mako su rubuta, malamin addini kuma ya haɗa darasin da hanin almubazzaranci da ruwa.