Yadda ake lissafin kuɗin sallama a Saudiyya, kafin ka sa hannu a takarda

Jama'a assalamu alaikum. Wannan magana ta kuɗin sallama, wanda Larabawa ke ce ma mukafa'a, ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, domin na ga 'yan'uwanmu da yawa sun yi shekara da shekaru suna aiki a Jidda ko Riyad, ranar tafiya a miƙa musu ɗan abin da aka ga dama su karɓa har da godiya, alhali haƙƙinsu ya ninka haka. Lissafin kuma wallahi ba wuya, da kalkuletar wayarka za ka gama shi.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 84, cewa ta yi: shekara biyar na farko, kowace shekara kana da rabin albashin wata. Duk shekarar da ta biyo bayan biyar ɗin nan kuma albashin wata guda cif. Watannin da ba su cika shekara ba su ma ba sa faɗuwa ƙasa, ana lissafa su gwargwadonsu. Kuma da albashinka na ƙarshe ake yi, ba wanda ka fara da shi ba.

Bari mu ɗauki direban kamfani mai karɓar riyal 3,000 a wata, ya yi shekara 7 da wata 6. Biyar na farko: 1,500 sau 5, ya ba da 7,500. Shekara biyu na gaba: 3,000 sau 2, wato 6,000. Wata shidan nan rabin shekara ne, 1,500. Ka haɗa, riyal 15,000 ke nan.

To amma wane albashi? A nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Albashin da doka ke nufi shi ne abin da kake karɓa a zahiri, tushen albashi haɗe da alawus ɗin da ake ba ka kowane wata kamar na gida da na mota. Wani abokin zamana, ɗaki ɗaya muke kwana a Jidda, akawun kamfaninsu ya buga masa lissafi a kan tushen albashi kawai, ya zo da takardar da daddare yana murna, muka baje ta a kan katifa muka sake bugawa, sai ga shi an zaftare kusan kwata. Ka duba misalin direban nan, in tushen albashinsa 2,200 ne sauran 800 alawus, aka yi da 2,200, zai tashi da 11,000 maimakon 15,000. Riyal dubu huɗu ta tafi a banza, ka canza ta zuwa naira ka ji yadda gabanka zai faɗi. Kamasho ne kaɗai da makamantansa masu hawa da sauka doka ta yarda a cire, shi ma sai in an yi yarjejeniyar haka.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na farkon ma haɗari, wato yadda ka bar aikin. In kwantiraginka ya ƙare ko su suka sallame ka ba da laifi ba, kuɗinka cikakke ne. In kuwa kai ka rubuta takardar ajiye aiki, istiƙala, sashe na 85 ne zai hau kanka: ƙasa da shekara 2 ba ka da ko sisi, daga shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, sama da 5 ƙasa da 10 kashi biyu cikin uku, sai ka cika 10 sannan ka karɓa duka. Direbanmu in ya yi fushi ya ajiye aiki, 15,000 ta koma 10,000. Shi ya sa in manaja ya ce maka "kawai rubuta istiƙala mu gama maka takardu da wuri", ɗan'uwa ka dakata, ka duba kwantiraginka a Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki, ka ga saura wata nawa ya ƙare, sau da yawa haƙurin wata uku ya fi maka.

Mata akwai sassauci: wadda ta bar aiki cikin wata 6 da ɗaura aurenta ko cikin wata 3 da haihuwa, cikakke za a ba ta. Haka wanda ya tafi saboda kamfani ya saɓa alkawari, misali an daina biyansa albashi, sashe na 81 ya tsare masa haƙƙinsa. Wanda aka kora kan laifukan sashe na 80 kuwa, irin su dukan mai gida, takardun bogi, ko ƙin zuwa aiki ba dalili sama da kwana 15 a jere, zai iya rasa komai.

Masu aikin gida, 'yan aiki da direbobin gida da suka zo ta Musaned, shafin gwamnati na ɗaukar masu aikin gida, nasu tsarin daban ne, albashin wata ɗaya ne duk bayan shekara huɗu a jere wurin mai gida ɗaya, kada ku ɗauki lissafin sama ku je ku yi rigima.

Ban da mukafa'a, ka tambayi kuɗin kwanakin hutun da ba ka ci ba, da tikitin komawa gida. In su suka sallame ka, cikin mako ɗaya ya kamata su biya, in kai ka tafi mako biyu. Za su kawo maka takardar mukhalasa, wadda ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka, don Allah kada ka sa hannu sai ka ga alat ya shigo kuma adadin ya yi daidai da naka, in ba ka jin Larabci ka ɗauki hotonta ka tura wa wanda zai karanta maka. Shafin ma'aikatar ƙwadago yana da kalkuleta ta wannan lissafin, ka gwada naka a can. In sun ƙi biya ka shigar da ƙorafi a ofishin sulhu na ma'aikatar, in ba a daidaita ba a tura kotun ƙwadago, kuma ka yi shi kafin wata 12 su cika daga ranar da aikin ya ƙare, in ya wuce haka kotu na iya ƙin sauraronka.