Kurakuran da aka fi yi wajen gwada alamomin C++ a cikin GDB

Ƙanena da ke koyon rubuta manhaja a nan Yamai ya yi wa matan wani adashe na kasuwar Wadata ƴar manhajar lissafi da C++. Ya gina aji (wato class, nau'in bayanai da mai rubuta kod ke ƙirƙira da kansa) mai suna Kudi, ya ɗora wa alamar + aiki biyu: ɗaya na haɗa sefa da sefa, ɗaya na haɗa sefa da dala, tunda matan da dala suke ƙirga, sefa biyar dala ɗaya. Ran nan ya zo mini da kwamfutarsa ransa a ɓace, ya ce: "Yaya, GDB yana mini ƙarya." Da muka zauna muka duba, ashe shi ne ya ɗauka GDB, manhajar bin diddigin kurakurai a cikin kod, da g++, mai harhaɗa kod ya zama manhaja, kansu ɗaya. Yawancin kurakuran da nake gani daga nan suke tasowa.

Wanda ya fi ɓata wa mutane lissafi shi ne ɗaukar `print` tamkar leƙe ta taga. In ka rubuta `print a + b` alhali a da b daga ajinka suke, GDB zai shiga cikin manhajar da ke tsaye ya kira `operator+` ɗinka, kod ɗin ya gudana da gaske. Duk abin da alamar ke canzawa, to ya canzu. Ƙanena yana da aji Rajista, wanda alamar [] ɗinsa ke buɗe sabon gurbi in lambar da aka nema ba ta nan, irin halin `std::map`. Matan adashe goma sha ɗaya ne. Ya sa `display rajista[12]` don ya tabbatar babu ta goma sha biyu, sai ga rabon kuɗi ya koma kashi goma sha biyu. Ya kwana yana neman ɓarna a cikin kod, alhali shi ya haifar da matar da hannunsa. Kuma `display` ya fi `print` haɗari, don duk tsayawar da manhaja ta yi sai ya sake kiran alamar. Haka ma sharaɗin da ka maƙala wa shinge, wato wurin da ka ce manhaja ta tsaya, kamar `break biya if a == b`.

Maganinsa, in kallo kawai kake so, duba abin da ke cikin ajin kai tsaye, misali `print a.sefa`. Tun daga GDB 9, wanda ya fito a 2020, akwai `set may-call-functions off`, mai hana shi kiran kowane aiki. Ni da shi nake fara kowane zama, sai in na yi niyyar gwada alama nake buɗewa.

Sai batun shinge. Mutum ya rubuta `break Kudi::operator+`, manhaja ta tsaya, ya ɗauka ta tsaya a inda yake nufi. GDB yana kafa shingen a kan duk ayyukan da ke ɗauke da wannan suna. `info breakpoints` zai nuna maka su a jere, 1.1 da 1.2. Ka kashe wanda ba ka so da `disable 1.2`, ko ka rubuta cikakken suna tun farko: `break Kudi::operator+(Dala)`. In kana son ya riƙa tambayarka, sa `set multiple-symbols ask`. Ka kuma tuna alamar << da ake buga abu da ita a `std::cout` a wajen aji ake rubuta ta, saboda haka neman ta da `Kudi::` a gaba ɓata lokaci ne.

Akwai inda mutane ke zargin kansu ba su da laifi. A cikin kod, `a + 500` yana aiki lafiya lau, domin g++ da kansa yake mayar da 500 ɗin Kudi ta hanyar maginin ajin (constructor, aikin da ke ƙera sabon Kudi) kafin ya haɗa. A GDB kuwa umarnin nan ba ya wucewa. Littafin jagorar GDB ya faɗa a fili cewa wajen zaɓen aikin da ya dace ba ya kiran magini, ba ya bin sauyin nau'in da kai ka ƙirƙira, kuma bai san ƙimar da aka ajiye wa gurbin da ba a cika ba. Kada ka taɓa kod ɗinka saboda wannan. Ajiye `Kudi gwaji(500);` a cikin manhajar, ka gwada da `print a + gwaji`. A nan nake jaddada wa masu koyo cewa zaɓin da GDB ya yi ba hujja ba ce a kan zaɓin g++. In kana son sanin alamar da manhaja ke kira da gaske, tsaya a kan layin, ka shiga da `step`, ka karanta sunan inda ka faɗa, sannan `finish` ya nuna maka abin da ta mayar.

Wani lokaci kuma alamar ba ta cikin manhajar sam. Za ka ga "Cannot evaluate function -- may be inlined" ko "Could not find operator[]." In ka harhaɗa da `-O2`, g++ yakan narkar da ƙananan alamomi a inda aka kira su, babu abin da ya rage da za a kira. Koma `-g -O0`. Ko a hakan ma, alamar da ka rubuta a cikin jikin aji amma ba ka taɓa amfani da ita ba, g++ ba ya fitar da ita. `-fkeep-inline-functions` ke tilasta masa. Ga irin su `std::vector<Kudi>`, layi ɗaya ya isa: `template class std::vector<Kudi>;`. Kafin ka yi gardama da GDB, duba da `nm -C` ko alamar tana nan. In ka ci karo da suna kamar `_ZNK4KudiplERKS_`, miƙa wa `c++filt` ya warware maka shi; `pl` ɗin nan na tsakiya shi ne +.

Masu amfani da C++20 su kula da wani abu: in `operator<=>` ka rubuta, g++ yana juya `a < b` ya zama `(a <=> b) < 0`, haka `a != b` yakan koma `!(a == b)`. Shingen da ka kai wa `operator<` ba shi da inda zai zauna.

Ƙanena ya raba alamar [] gida biyu a daren: wadda ke dubawa kawai ya sa mata `const`, buɗe sabon gurbi kuma ya ba shi aikinsa daban mai suna `shigar`. Muka sake harhaɗawa, rabon ya dawo kashi goma sha ɗaya.