Yadda Lauya Ke Kai Wa Ga Kujerar Gwamna A Amurka

In kai lauya ne a Amurka, ranka kuma yana biya maka kujerar gwamna, shawarata ita ce ka yi nazarin hanyar da Andy Beshear ya bi har ya zama gwamnan jihar Kentucky.

Fara da neman muƙamin antoni-janar na jiha. A Najeriya gwamna ne ke naɗa antoni-janar, shi ya sa ba ka jin ya ɗaga wa maigidansa murya. A yawancin jihohin Amurka kuwa jama'a ke zaɓensa, ba ya cin tuwon gwamna balle ya ji kunyarsa. Beshear ya karanta shari'a a Jami'ar Virginia, ya yi shekaru yana aikin lauya mai zaman kansa, sannan a 2015 ya tsaya takarar wannan kujera a jam'iyyar Dimokurat. Da ƙyar ya sha, da tazarar ƙuri'a dubu biyu da ɗoriya. Ba zan ɓoye maka ba, sunan gida ya taimaka: mahaifinsa Steve Beshear ne gwamnan jihar daga 2007 zuwa 2015. In ba ka da irin wannan gata, gumin da za ka yi ya ninka nasa.

Da ka hau, sai ka iya zaɓen shari'ar da za ka shigar. A ganina nan gwanintar take. Kada ka ɗauko ƙarar da lauyoyi kaɗai ke gane kanta, nemi wadda ta taɓa aljihun mutane. A 2016 gwamna Matt Bevin na jam'iyyar Rifablikan ya zabtare kuɗin jami'o'in jihar a tsakiyar shekara ba tare da amincewar majalisa ba. Beshear ya maka shi kotu, Kotun Ƙolin jihar ta ce gwamna ya wuce gona da iri. A 2018 kuma 'yan majalisa suka cusa gyaran fanshon malaman makaranta da sauran ma'aikata cikin wani ƙuduri da asalinsa na magudanar ruwan ƙazanta ne, suka zartar da shi cikin kwana ɗaya. Malamai suka cika Frankfort, babban birnin jihar, da zanga-zanga. Beshear ya sake garzayawa kotu, a watan Disamba alƙalan suka soke dokar baki ɗayansu. Tun kafin ya buga fosta, malaman nan sun riga sun zama masu yi masa kamfe.

Sai zaɓen fid da gwani na takarar gwamna, wanda ya ci a watan Mayun 2019. Wajen ɗaukar mataimaki, duba cikin waɗanda ka kare a kotu. Shi malamar makaranta ya ɗauko, Jacqueline Coleman.

In jiharka ba ta jam'iyyarku ba ce, rufe bakinka kan rikicin Washington. Donald Trump ya lashe Kentucky da gagarumin rinjaye a 2016, don haka Beshear ya tsaya kan fansho, makarantu da kiwon lafiya. A Nuwamban 2019 ya kayar da Bevin da ƙuri'a kusan dubu biyar.

Sai dai kujerar antoni-janar ita kaɗai ba ta kai mutum gidan gwamnati. Daniel Cameron, wanda ya gaji Beshear a kanta, ya ƙalubalance shi a 2023. Lokacin Beshear ya riga ya zaga garuruwan da guguwar Disamban 2021 da ambaliyar 2022 suka ɗaiɗaita, mutane sun gan shi da idonsu. Cameron ya faɗi.